Duwatsu Uku a Solingen

Dutsen Baba ya suɓuce ranar Talata,
ya rabu biyu kamar busasshen burodi.
Kakansa ya sayo shi daga tsaunukan Beljiyam,
rawaya ne, shekaru sun yi masa kwarmi a tsakiya.
Hannun da ya sake shi
ya shekara arba'in yana wasa wuƙaƙe a bakin kogin Wupper,
yau ko cokali sai ya yi rawa kafin ya kai baki.

Na shiga shagon Ottmar ana tsuga ruwa,
lemata na ɗiga a kan katako.
Na ce, dutsen washi nake so, na aska.
Ya ce, na tsauni ko na masana'anta?
Na ce, wanda zai yi haƙuri da ɗan koyo.

Ya jera su kamar sandunan sabulu,
kowanne da lambarsa a gefe.
"Dubu ɗaya mai kaushi ne, shi ke cinye giɓi,
shi ke kafa baki.
In kin yi ha'inci a nan, sauran ba sa rufa asiri.
Dubu huɗu yana share zanen da na fari ya bari.
Dubu takwas kuwa lallashi ne.
Akwai dubu sha biyu, amma bar shi,
kuɗin haya ya fi ƙyalli."

Wannan sai an jiƙa shi har ya ƙoshi,
wancan yayyafi ya ishe shi.
Na zaɓi masu faɗi, don hannuna baƙo ne.
Ya ja layukan fensir a fuskar ɗaya,
ya goga har suka ɓace.
"Shi ma sai an daidaita shi tukuna."

A gida Baba ya shinshina, ya ture.
"Gari ne aka kwaɓa aka toya.
Bai taɓa kwana cikin ƙasa ba."
Ban tanka ba. Na zuba ruwa,
na kwantar da askar, baya da baki tare,
na tura, na juya, na dawo.
Ya rufe ido a kujerarsa.
"Kina dannawa, Annegret. Ina jin ki."
Na sassauta.
Ruwan ya yi toka-toka, ya gangara cikin faranti,
jirgin ƙasa ya wuce sau biyu a ƙarƙashin taga.
Kan dubu huɗu ƙarar ta koma raɗa,
kan dubu takwas ni ma na daina ji,
shi kuwa yana ƙirgawa da leɓe.

Na ja ta a fata sau hamsin,
na gwada a gashin damtsena, ya zube.
Ya karɓa da hannu biyu, ya karkata ta ga fitila,
ya daɗe.
Bai yabi dutsen ba.
Ya mayar mini da ita ta ƙota,
ya ɗaga haɓa, kumfa na zirara a wuyansa,
ya ce, "Fara ta hagu."