Ambato Bakwai

Ƙarshen shekara darakta ya liƙa takarda a bango:
cibiyarmu ta fid da maƙala sha ɗaya,
duniya ta ambace mu sau arba'in ba biyu.
Na sa yatsa, na bi layi har kan sunana.
Bakwai.

Na san su kamar yunwar cikina.
Biyu ni na kira kaina, na amsa.
Ɗaya ɗalibata Cima ce, don kara.
Ɗaya wani ne can ƙasar ƙanƙara
da ya ɗauke Damagaram ya aje ta a wata ƙasa.
Sauran ukun, Allah ya saka musu,
ko da shafin fari kaɗai suka leƙa.

Shekara shida ina lallashin dutse.
Na Birni dai zaune suke kamar giwaye sun ƙoshi,
na ƙarƙashi kuwa kurame ne.
Mu shimfiɗa waya, mu kafa ƙarfe a ƙasa,
Bura direba na riƙe da batir yana mita,
mu saurari inda kurma ya tsage
ya ɓoye ruwa a hammata.

A Tudun Baushe ya amsa mana,
gaba talatin da biyu.
Laka ta fara fitowa, sannan fari tas,
wata tsohuwa ta cire kallabi ta tara.
Yau bido rawaya kan yi layi tun asuba,
kuma in ka tambayi sunan wurin
sai su ce, famfon mutumen nan mai waya.
Injin ƙirga bai jin wannan.
Ba shi da gurbin da ake rubuta makogwaro.

Ba raini nake ba.
Mahaifina in zai kawo magana
sai ya ce daga wane, daga wane,
har ta isa inda aka haƙo ta.
Ni ma ina so wani ya ce daga ni.

Gidana a Zango kwana tara famfo na tari.
Na sayi biyu wurin ɗan garuwa, na yi wanka da rabi.
Wuta ta dawo bayan isha'i,
na buɗe, ba don komai ba, hali ne.

Takwas.
Wata yarinya, ban san ta ba,
ta ce lissafina na shafi na tara akwai gyara.
Na ɗauko fensir.
Wallahi da gaskiyarta.
Har shafi na tara ta kai!