Sha Biyu Saura Kwata

A Valparaíso gidaje a kan juna suke,
kamar kwanukan da aka kife a gefen tudu,
rufin wani shi ne dandamalin wani.
Shi ya sa da katangar Quilodrán ta sha ruwa ta gaji,
a kan madafar maƙwabciyarsa ta kwanta,
ta fasa tukwane, ta danne murhu,
ta haifa mana shari'a.

Ni ce lauyar mai madafa,
shekarata biyu kacal da fara tsayuwa gaban alƙali.
Na mai katanga kuwa Eleuterio Barrientos ne,
tsoho mai tari, mai jakar fata da aka ɗaure da igiyar takalmi.
Ana cewa harshensa aska ne,
ba ya yanka sai a gaɓa.

Juma'a, sha biyun rana, wa'adin amsata zai cika.
Daren Laraba zazzaɓi ya kwantar da ɗana.
Kwana biyu ina kan kujerar roba a asibiti
ina ƙirga ɗigon ruwa yana sauka cikin jijiyarsa.
Na manta katanga, na manta kotu,
na manta akwai wata rana mai suna Juma'a.

Sha biyu saura kwata waya ta yi ƙara.
"Abokiyar aiki," ya ce, sai tari,
"ina gaban magatakarda, ban ga takardarki ba.
Ba halinki ba ne. Lafiya?"
Na buɗe baki, kuka ya riga magana fita.
Bai cika ni da sannu ba.
A tsaye ya rubuta roƙon ƙarin mako guda,
ya sa hannu, ya miƙa,
ya ce in koma wajen yaro.

Shirun minti goma sha biyar kawai zai yi
ya ci shari'a a bagas.
An ce Quilodrán har tebur ya buga:
"Na biya ka ka kayar da ita ne, ko ka taya ta jinya?"
Tsohon ya ce, "Kayarwa zan yi.
Amma ba a kokawa da wanda yake kwance."

Kuma bai yi ƙarya ba.
Ranar zama ya tsefe shaiduna zare-zare,
maginin da na kawo har zufa ya yi a watan sanyi.
Rabin diyya muka tsira da shi, da ƙyar.
A matakalar fita ya rage tafiya har na cim masa,
ya yi ƙasa da murya:
"Shafi na huɗu, kin juya lambar doka.
Na gane wadda kike nufi,
ban ga ribar a yi dariya ba.
Yaron yana cin abinci?"

Shekara sha tara ke nan.
Yana can kwance a maƙabartar kan tudu,
inda ake hango jiragen ruwa suna jiran layi.

Jiya, ƙarfe biyun dare, saƙo ya shigo
daga wani sabon lauya, Maturana,
ya kira ni maƙaryaciya sau uku a layi biyar.
Na zauna na wasa masa amsa.
Na karanta ta sau biyu, ta yi mini daɗi,
kowace kalma da dafinta.
Na bar ta ta kwana.

Da safe kofi ya huce a gabana,
tsuntsayen teku suna faɗa a kan kwano.
Na goge ta. Na ɗauki waya.
"Abokin aiki, na ga saƙonka.
Ƙarfe biyun dare ba ka yi barci ba. Lafiya?"

Shiru ya yi tsawo.
Can a bayansa ina jin jariri yana tsala kuka,
da famfo da aka manta a buɗe.

Ranar Talata za mu haɗu gaban alƙali.
Ban ce zan raga masa ba.