Baƙin Zane a Kan Kwali

A Belem, bakin kogi, inda ruwan sama ke zuwa da agogonsa,
shekarata goma sha tara ina tsaron kantin magani.
Doka ce ta raba wa kayana gado.
Kwalin da ba shi da zane, ɗauki ka biya ka wuce:
na ciwon kai, na ƙwannafi, na majina.
Mai jan zane sai da rubutun likita.
Mai baƙin zane kuwa yana can ƙurya, cikin kabad ɗin ƙarfe,
makullinsa a wuyana, igiya ɗaya da gicciyen mahaifiyata.

Ran Talata, ina shirin jan ƙofa, Jurandir ya faɗo,
hularsa na tsiyaya,
jikinsa duk warin kifi da man inji.
Awa bakwai ya yi a kwalekwale.
Ya zaro takarda rawaya daga ƙirjinsa
kamar mai ciro ɗan tsako daga cikin riga.
Uwarsa ce, Zuleide. Ciwon daji ya kai ƙashi.
Kwana uku ba ta runtsa ba,
tana cizon bakin zane don kada jikoki su ji.

Na duba. Sunan maganin yana nan, adadi yana nan,
amma inda hatimin likita ya zauna, kogi ya riga ya sa hannu.
Tawada ta narke, lamba ta koma shuɗin gajimare.

Na ce, "Ba zan iya ba."
Ya ce, "Kin ga sunan." Na ce, "Na gani."
"Kin kuma gan ni." "Na gan ka."
Ya ce, "Matan kasuwar bakin ruwa suna sayar da kwalba ɗari,
saiwa, ɓawo, mai iri-iri,
wa ya taɓa tambayar su hatimi?"
Na ce, "Gaskiyarka."

Ban ba shi labarin ƙanena Valdeci ba,
wanda wani mai kanti, don tsabar kirki,
ya riƙa miƙa wa baƙin zane ta ƙarƙashin tebur
wata goma sha ɗaya cur,
har safiyar da barci ya ƙi sakin sa.
Ba a ba mai ƙishirwa labarin wanda ya nutse.
Ban kuma nuna masa rajista ba,
inda kowace ƙwaya ke da ranar shiga da ranar fita,
ɗaya ta ɓace, masu bincike su cire lasisi daga bango,
unguwa ta wayi gari ba kanti.

Laima kawai na ɗauka.

Titi tara tsakaninmu da asibiti, ruwa har idon sawu.
Yana gaba ina baya, ba mai ce wa wani uffan.
Muka zauna a benci tsakanin yaro mai karaya da tsohuwa mai tari,
awa biyu da 'yan kai,
kafin likitar dare, Anunciada, idonta jajir,
ta nemo fayil, ta buga waya, ta yi tsaki,
ta rubuta sabuwa, ta danna hatimi da dukkan nauyin kafaɗarta.
Wannan karon a leda biyu muka naɗe ta.

Sha biyu saura na buɗe kabad.
Ƙarfen ya yi kukan da ya saba.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na rubuta, ya sa hannu da haruffa manya-manya.
Ya tura kwalin cikin gwangwanin biskit, ya ɗaure da roba.
Bai ce ya gode ba, ni ma ban tsaya jira ba,
ruwan kogi ya fara janyewa, kuma shi ba ya jiran kowa.

Har yau ban sani ba ko ya tarar da ita.
Awa uku na ci daga daren matar nan,
na san da haka, ba sai an faɗa mini ba.
Jiƙaƙƙiyar takardar tana nan a aljihun tebur, ta bushe ta kanannaɗe.
Wani lokacin, in ina neman canji, sai yatsana ya taɓa ta.