Makulli Na Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare tiyon Wadata ya fashe.
Bai yi ƙara ba. Ƙasa ce ta fara gumi
a gaban shagon mai gyaran rediyo,
kafin kiran assalatu titi ya zama ƙorama
tana kwasar leda da ɓawon albasa zuwa gangare.

Aka buga mini ƙofa. Na saɓa mabuɗin ƙarfe,
dogo kamar taɓarya, hannunsa ya sha tafi har ya yi santsi,
gadon Tankari,
wanda ya shekara talatin da ɗaya yana rufe Tawa yana buɗe ta,
ba a tuna sunansa sai ranar da famfo ya yi shiru.

Shi ya ce mini: yaro, garin nan ba guda ba ne.
A ƙarƙashin ƙafarka kashi-kashi yake
kamar naman watanda,
kowane kashi da ƙofofinsa.
Ka san ƙofa biyu, gida arba'in su kwana da ƙishi.
Ka ɓatar da ɗaya, dubu su kwana.

Takardar ofis ta ce na sha bakwai
yana kusurwar lakwal, taku shida daga turken lantarki.
Na taka shida. Kwalta.
Bara aka shimfiɗa ta, aka yi jawabi, aka yi tafi,
aka binne murfin ƙarfe da ransa.

Shef yana waya: koma shato ka datse babban.
Babban kuwa ba ya tambaya.
Zai haɗa da Bilbis, ya haɗa da Garkawa,
ya haɗa da ɗakin haihuwa inda ake wanke hannu
kafin a karɓi wanda bai ɗanɗani ruwan duniya ba tukuna.
Na ce a ba ni rabin awa.

Tankari bai taɓa ƙirga daga turke ba.
Turke, in ji shi, na gwamnati ne, yana tashi.
Daga aduwa yake farawa.
An sare aduwar,
amma kututturenta na nan, Nomau mai shayi ya mai da shi kujera.
Na ɗaga Nomau da butarsa,
na juya baya ga alƙibla, taku tara,
na sa diga.

A sara na goma sha wani abu ƙarfe ya amsa wa ƙarfe.

Tsatsa ta riƙe shi kamar bashi.
Muka kama mu biyu, ni da Nomau, ya yi kuka, ya saki.
Juyi ashirin da takwas, kuma a hankali.
Ruwa ba jaki ba ne da za a tsai da shi da tsawa;
ka rufe masa baki da gaggawa,
ya koma baya ya harbi tiyo a wata unguwa.
Ina juyawa ina jin gudunsa a tafin hannuna
yana raguwa,
yana raguwa,
kamar numfashin yaro da barci ya ɗauke.

Na wuce na rufe na sha takwas.
Tsakanin su biyu gida arba'in da uku,
na talatin ɗin namu ne.
Yanzu inna za ta murɗa famfo don alwala,
ya yi mata tarin iska,
ta ce: aikin ɗan nan ne, ko bai faɗa mini in cika randa ba.

Ƙorama ta tsaya. Masu haƙa sun iso da rana.
Sauran Tawa ta wanke fuska, ta ɗora tukunya,
ba ta san an yi komai ba.

Na ari shuɗin fenti wurin mai rediyo,
na rubuta 17 a bangon lakwal, da kibiya tana kallon ƙasa.
Bango ma yana faɗuwa.
Shi ya sa na kira ɗan Nomau, mai wanke kofuna,
na tsai da shi a kan kututture,
na ce: taka, ka ƙirga da ƙarfi in ji.