Ɗorin Maɗori

Shekara arba'in Baba Cindo yana ɗori
a zauren nan namu, gabas da Kiyawa:
karan dawa, tsumman zane, man shanu, tofi,
sai hannun nan da Allah ya yi wa yatsa shida.
Ɗan acaɓa, mai hawan giginya,
har akuyar Inna Tabawa da ta faɗa rijiya,
kowa da ƙafarsa ya fita zauren nan.
Haka dai muke faɗa.

Sai ga shi ranar zuba gero
tsani ya zame masa a bakin rumbu.
An ce wanzami ba ya son jarfa,
amma Baba shi ya yi wa kansa ɗori,
ya cije leɓe, ya ce in ja, na ja.
Wata biyar ƙashin ƙwauri ya ƙi kamawa.
Da dare ina jin sa yana laluben wurin
kamar mai neman allura cikin ƙaiƙayi.

A asibitin Dutse muka tarar da su,
mutanen jami'a, da takardu fal jaka.
A ɗaki ɗaya suna shafa wa 'yan firamare wani abu a haƙori,
su rubuta, su ce a dawo bayan damina.
A ɗayan, Dakta Bara'atu ta ɗaga hoton ƙafar Baba
ta kara a hasken taga.
Ran nan ya fara ganin ƙashi da ido,
shi da ya tsufa yana gani da yatsa.
Ya daɗe bai ce uffan ba.
Can ya nuna tsagar: "Nan ne. Na san nan ne."

Ta ce akwai sabon haɗi da suke gwadawa,
kamar kwaɓin ƙasa, a cusa a tsagar,
ko ƙashi zai bi shi ya tofo.
Rabin masu zuwa da shi za a yi musu,
rabi da aikin da aka saba.
Ba ita ke zaɓa ba, ƙuri'a ce cikin ambulan.
"Zai yi?" in ji Baba.
"Ba mu sani ba tukuna. Shi ya sa muke bincike."

Ni na karanta masa takardar, shafi huɗu,
da Hausar ofis mai tsayawa a maƙogwaro:
kana iya ƙi, kana iya fasawa a tsakiya,
ba mai hana ka magani don ka ce a'a.
Na zaci sandarsa zai ce a miƙo.
Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Yarinyar nan ta faɗi abin da ban taɓa faɗi ba.
Sau nawa na ɗaure ƙafa gabana na faɗuwa,
na ce da mai ita, kwana arba'in ka taka?
Ka tuna Ɗanjummai da ya mutu da ɗingishinsa?
Ban rubuta shi ko'ina ba.
Ita za ta rubuta."

Ya dubi yatsunsa shida, ya zaɓi babban,
ya dangwala.

Yanzu duk wata farar mota kan tsaya gindin tsamiya.
Su ƙirga takunsa daga zaure zuwa masallaci,
su ce ya auna zafi, daga ɗaya zuwa goma.
Baba ya ce zafi ba gero ba ne balle a sa kwano,
amma ya ce huɗu.
Watan jiya ya ce biyu.
Har yau bai san abin da ke cikin ambulan ɗinsa ba,
a littafinsu kuwa lamba ce sunansa, sittin da uku.

Jiya aka kawo yaro, ya faɗo daga mangwaro.
Baba ya shafa ƙafar, ido a rufe,
ya ɗaure ta da kara saboda hanya,
ya ce da uban, "Ku kai shi Dutse a ɗauki hoto."
Sannan ya juyo gare ni:
"Samo littafi, Sagiru. Sa sunansa da kwanan wata.
Ka bar fili a gaba
sai mun ga yadda ya taka."