Ragowar Yadi

Daren jajiberen Kirsimeti, goma ta gota,
ni da keken ɗinkina a shagon Tudun Wada.
An ɗauke wuta tun la'asar,
ƙafata ce inji, fitilar caji ce wata.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
bai yi sallama ba, ya zauna min a gwiwa.

Ɗinki bakwai ya rage:
rigar Maman Nanret mai hannu kamar tulu,
ankon zumuntar mata,
da wandon Davou, wanda ya ce in bai samu ba
kada in ƙara gaishe shi a hanya.
Tun farkon Disamba nake auna mutane,
kafaɗa, ƙugu, tsawon hannu.
Na san faɗin kowa a unguwar nan,
zuciyata ce kawai ban ɗora wa tef ba.

Can ƙetaren gada majami'a ta ɗau waƙa,
ganga na kira, kacau-kacau na amsawa.
Shekara huɗu ke nan rabona da sujadar dare.
Na ce, Ubangiji, ka yi haƙuri,
bikin haihuwarka ne ya hana ni zuwa wurinka.

Sai aka ƙwanƙwasa.

Ngo Chundung ce, mai kabeji a Farin Gada,
numfashinta na tashi fari kamar tururin kunu.
Ta ce, “Kangyang ta sauka.
Mu da muke lissafin Fabrairu!
Namiji ne, bai fi kwalbar manja ba,
ko tsumma ba mu tanada ba.
'Yata, ko akwai ragowar yadi?”

Na jawo buhun da ke ƙarƙashin tebur,
na zazzage shekara guda a ƙasa:
leshin matar kansila,
atamfar mai wankau,
shaddar Malam Sabi'u mai shayi, tun ta Sallah,
kakin wani ɗan firamare,
da baƙin yadin da muka sa a watan Yuni
ranar da aka kai Baba Gyang gida.

Na ture wandon Davou gefe.
Na haɗa su baki da baki,
ƙyallayen da masu su ba sa zama benci ɗaya,
na shimfiɗa tsohuwar suwaitata a ciki.
Ngo na riƙe da fitila, hannunta na rawa.

A nan, tsakanin taku da taku, abin ya zo mini.
Shi da ya shimfiɗa sama bai nemi tef ba,
ya yanka duwatsun Shere babu almakashi,
shi ne ya zo ya shiga rigar da ta yi masa kaɗan:
fata irin tamu,
mai jin sanyi, mai yagewa.
Babu telan da ya auna shi.
Uwarsa ma, a garin da ba nata ba,
abin da hannunta ya kai gare shi
da shi ta naɗe shi.

Allura ta soke ni a ɗan yatsa.
Ɗigo ɗaya ya faɗa kan farin leshi.
Na tsaya ina kallonsa,
na tuna ita ma waccan rigar tasa
daga baya an huda ta.

Ngo ta fara kwance bakin zane tana neman canji.
Na ce ta bari, dare na yi, yaro na jira.

Da safe Davou ya zo, ya yi faɗan da ya yi,
ya tafi da wando babu kalmasa.
Na shiga majami'a da rigar bara,
zare a ɗankwalina,
na yi gyangyaɗi tun kafin a karɓi baiko.
Ban ji wa'azin ba, kada in yi ƙarya.

Amma a wani ɗakin asibiti, bayan Gada Biyu,
akwai ɗan mutum da ko suna bai samu ba tukuna,
yana barci,
sanye da unguwarmu gaba ɗaya.