Rajistar Aji Biyar, Kusuri

Sufeto ya aiko da takarda:
maza nawa, mata nawa,
wa ya ci, wa ya faɗi.
Na cika. Arba'in da bakwai.

Babu gurbin da zan rubuta
cewa Zenaba kan tsallako gada daga Njamena
tun raɓa ba ta bushe ba,
ko Abakaka ɗan masunta,
da Logon ya cinye masa littafi a Oktoba,
ya koma haddace lissafi daga allo.

Harsuna huɗu ne a ajina,
Faransanci na biyar, baƙon kowa.
Hasaballa, da ya shekara bai ce uffan ba,
jiya ya ɗaga hannu.

Tara cikin ashirin, in ji jan biro.
Na rubuta tara.
Hannuna bai so ba.